Wane Littafi Zan Saya wa Yarona? Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Muna da akwatin littattafai da muke ba yara aro a ƙauyenmu, nan tsakanin Ringim da Gujungu. Ni malamin firamare ne, mabuɗin akwatin yana hannuna. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye da yayye da malaman Islamiyya suka fi yi mini, wasu a bakin masallaci, wasu ta bakin yaran da aka aiko daga cikin gida. Na tara su wuri guda don na wani ƙauyen ma su amfana.

Malam, wane littafi ne yara suka fi so a yanzu?

Ya danganta da inda karatun yaron ya kai. 'Yan aji ɗaya zuwa uku, rububinsu a kan ƙananan littattafai masu hoto yake, irin waɗanda shafi guda bai wuce layi biyu ko uku ba: akuya ta ɓata a kasuwa, yarinya ta je ɗiban ruwa, yaro ya raka kakansa gona. Waɗannan kusan duk sababbi ne, daga intanet muke sauko da su mu buga a takarda. 'Yan aji biyar da shida kuwa, har yau ban ga abin da ya ture Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi daga hannunsu ba, duk tsufansu. 'Yan sakandare kowa da nasa. 'Yan mata sun fi neman labarin da za su ga zaman gida a cikinsa, samari sun fi son na yaƙi da tafiye-tafiye da ƙere-ƙere, ko da yake ta kowane ɓangare ana samun masu tsallaka wannan iyaka.

Abu guda na lura da shi a kowane aji. Littafin da yaro zai ce maka ya fi so shi ne wanda ya kai ƙarshensa da kansa, ba tare da an ja shi ba. Tsadar littafin da sunan marubucin ba su dame shi ba.

To ina sababbin littattafan Hausa na yara? Kullum sai a kawo mana na zamanin Turawa.

Ƙorafinka yana kan hanya, Alhaji, kuma akwai dalili. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937. Don 'yan makaranta aka buga su, kuma hukuma ce ta ɗauki nauyi. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga su, a shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni guda shida.

Daga tsakiyar shekarun 1980 harkar ta koma hannun marubuta masu buga littafi da kuɗin aljihunsu, wato abin da ake kira adabin kasuwar Kano. Wanda ya ci bashi ya buga littafi dole ya rubuta wa mai kuɗin saye: 'yan mata da samari da matan aure. Ɗan shekara bakwai ba shi da ko sisi. Ga shi littafin yara ya fi cin kuɗi, sai an biya mai zane, an sa launi, an nemi takarda mai kauri. Ta haka muka wayi gari da ɗaruruwan littattafan soyayya, na ƙananan yara kuwa sai ka sha yawo kafin ka ga ɗaya.

Sababbin da ake da su, yawancinsu ba a kasuwa suke ba. Akwai rumbunan littattafai na kyauta a intanet masu sashen Hausa. African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na kamfanin Pratham Books na Indiya, wanda ya fara a 2015, su muka fi amfani da su. Akwai kuma Global Digital Library da Bloom Library. Izinin da ke kan yawancin labaransu ya yarda ka buga, ka raba, har ka fassara.

Sai kuma littattafan shirye-shiryen koyar da karatu: Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, RANA a Katsina da Zamfara, KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Irin waɗannan ba na sayarwa ba ne, makarantu aka kai wa. Ka je ka tambayi hedimastan makarantar ɗanka ko an taɓa kawo musu littattafan karatu na Hausa. Sau da yawa suna nan a sito, a ɗaure yadda aka kawo su, don ana tsoron kada yara su yaga.

Ba ni da babbar waya, balle data. Ta yaya waɗannan na intanet za su zo hannun ɗana?

Waya ɗaya ta ishi ƙauye. A samu wanda zai shiga Ringim ko Dutse ko Kano, ya buɗe shafin, ya zaɓi Hausa a jerin harsuna, ya zaɓi matakin karatu, ya sauke labaran. African Storybook ya kasa nasa mataki biyar, StoryWeaver mataki huɗu, na ɗaya shi ne mafi sauƙi. Daga nan sai shagon kwamfuta. A ce wa mai shagon ya sa shafi biyu a kowace fuskar takarda, gaba da baya, baƙi da fari. Kada a damu da launi. Ka ba yaro fensir mai launi ya shafe hotunan da kansa, za ka ga yadda zai riƙe littafin kamar ransa. A ninke takardun a tsakiya, a ɗinke da zare da allura, a yi masa bango da kwalin taliya ko na sabulu.

Ana iya karantawa a kan wayar ma, don African Storybook yana da manhajar da ke ajiye labari ko babu data. Ni dai na fi son takarda. Waya tana da mai ita, cajinta yana ƙarewa, kuma da zarar yaro ya gano inda bidiyo yake, shi ke nan an gama karatu.

Duk na intanet ɗin masu kyau ne?

A'a. Da yawansu fassara ne daga wasu harsuna, kuma hannun masu fassarar ba ɗaya ba ne. Wani za ka karanta ka ji Hausa zar, wani kuwa ka ji Turanci ne aka sa wa riga. Kafin ka kashe kuɗin bugawa, karanta shi da ƙarfi. In bakinka ya yi tuntuɓe, na yaro ma zai yi. Ka duba kuma ko an rubuta ɓ da ɗ da ƙ da lanƙwasarsu, don mai koyo yana buƙatar ganin su.

Wasu iyayen sukan ce hotunan ba na mutanenmu ba ne, ga mata da sari, ga gidajen da ba irin namu ba. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Yara suna son leƙa gidan wasu. Gurɓatacciyar Hausa ita ce abin gudu.

Yaya zan gane littafi ya yi daidai da yaro?

Buɗe masa tsakiyar littafin, ka ce ya karanta shafi guda. In ya cije a kalma biyar ko fiye, littafin ya yi masa nauyi, a ajiye sai baɗi, ko kuma wani ya riƙa karanta masa. In ya zarce babu ko tuntuɓe, kuma ya iya ba ka labarin abin da ya karanta, a ba shi wanda ya ɗara wannan. Kada ka bi aji ko shekaru. A aji guda akwai mai karanta jarida, akwai wanda bai gama rarrabe baƙaƙe ba.

Yarona yana aji biyar amma bai iya haɗa baƙi ba. Littafin labari zai amfane shi?

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba daƙiƙi ba ne. Yara da yawa suna hawa aji ne kawai saboda shekara ta zagayo. A koma da shi tushe ba tare da an kunyata shi gaban ƙannensa ba: baƙi da wasali, sannan gaɓoɓi, ba bi bu, ka ki ku, sannan gajerun kalmomi. Sa'ar da muka yi, Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka wanda ya kama gaɓa ba ya daɗewa. Tsohon littafin nan Ka Koyi Karatu har yanzu yana aiki, haka ma na mataki na ɗaya a intanet. Dabarar da shirin KaLMA ya bi ke nan, a raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke.

A lura da idonsa kuma. In yana kai takarda har hanci, ko yana runtse ido in ya dubi allo, ko yana yawan kukan ciwon kai bayan karatu, a kai shi asibiti a gwada.

Ni so nake ya iya Turanci don jarrabawa. Ba ɓata lokaci ba ne karanta Hausa?

Wannan ita ce tambayar da na fi sha, kuma amsata ba ta sauyawa. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane cewa baƙaƙe suna haɗuwa su ba da magana, kuma maganar tana da ma'ana, da wannan ganewar zai shiga Turanci. Wanda aka fara wa da harshen da bai taɓa ji a gida ba, aiki biyu aka haɗa masa lokaci guda, koyon karatu da koyon harshe, kamar a ɗaura wa ɗan maraƙi garma. Abin da yakan biyo baya shi ne hadda: ya rera maka shafi guda na Turanci, ka tambaye shi me aka ce, ya yi zuru.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar a fara koyar da yara da harshen gida. Gwamnatoci suna ta sauya matsayi a kan haka, amma a gidanka kai ke da iko. Ka bar shi ya ƙoshi da Hausa, kana haɗa masa da Turanci mai sauƙi a gefe. Labaran African Storybook da yawa akwai su da harsunan biyu da hotuna iri ɗaya, sai a buga duka, ya fara da na Hausa, in ya san labarin ya koma na Turanci.

Zan iya ba ɗan aji uku Magana Jari Ce?

Ka karanta masa dai, kada ka damƙa masa. Jimlolin suna da tsawo, rubutun ƙanana ne, ga kalmomin fada da na yaƙi da na kuɗin da da yaron yau bai sani ba. Amma kunne yana riga ido: abin da ba zai iya karantawa ba, zai fahimta in an karanta masa. Ginin littafin ma ya dace da haka, don a littafi na ɗaya aku ne ke ba ɗan sarki labari ɗaya bayan ɗaya don ya hana shi fita, kowane labari zaman dare guda. Ka riga shi dubawa, don akwai 'yan labaran da suka fi dacewa da manya. Shaihu Umar kuma a bari sai sakandare, don labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, yana da nauyi a zuciya.

'Yata kullum tana kan littattafan soyayya a wayar yayarta. In hana ta?

Hajiya, kafin hani a san me take karantawa. Littafin soyayya ba iri ɗaya ba ne, kuma ba yau aka fara faɗa a kansa ba. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano, amma karatunsu bai tsaya ba. Wuri ya sauya kawai. Yanzu suna WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, wasu ana karanta su da murya a YouTube. Abin da aka buga a takarda, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano tana iya dubawa, ke ma kina iya ganinsa a ƙarƙashin matashi. Na waya kuwa babu mai tacewa. A cikinsu akwai masu ma'ana da tarbiyya, akwai kuma na batsa tsagwaronta waɗanda ake biyan kuɗi a shiga zaurensu, kuma ba a tambayar shekarun mai shiga.

Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, don ƙawarta tana da wata. Yarinyar da ke iya cinye dogon labari a kwana biyu ta riga ta mallaki abin da muke ta wahalar koya wa wasu. A sauya mata abin karantawa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 kuma ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa, soyayya ce mai tsabta. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, daga baya ta koma karatu. Ita kanta marubuciyar an yi mata aure tun tana ƙarama, sai daga baya ta nemi ilimi. Na ga 'yan matan da wannan littafin ya sa suka dage sai sun gama sakandare.

In sababbi ake so, a nemi labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda mata zalla ke shiga tun 2016. Gajeru ne, ana karanta su a rediyo, kuma maganar yau suke yi: gudun hijira, rashin lafiya, maraici, zaman aure. Wasu suna da zafi, don haka yayarta ko gwaggonta ta fara saurara.

Abin da ya fi duka aiki shi ne ki ce ta ba ki labarin abin da ta karanta. Wanda ba za ta iya maimaitawa a gabanki ba, ita ma ta san matsayinsa.

Samari fa? Nawa in ba ƙwallo ba, babu abin da ke zaunar da shi.

A fara masa da mai motsi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa gajere ne, ga doki ga takobi, kuma asalinsa labarin wani jarumi ne na ƙasar Rasha da aka mayar Bahaushe. Ruwan Bagaja yana ba su dariya saboda ramuwar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, yaro ne ya tafi sararin samaniya, kuma samari sukan yi mamakin jin Bahaushe ya rubuta irin wannan tun shekarar da aka sauka a kan wata. In ma shafin wasanni na jaridar Aminiya ne kawai zai karanta, bar shi, karatu ne.

Na Turanci na kwanan nan, wanne za a nema wa 'yan sakandare?

Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan littattafan yara lokaci-lokaci, kuma hanya ce mai kyau ta gane na kirki. A 2019 Boom Boom na Jude Idada ya ci, labarin yaro ne da ƙanwarsa mai ciwon sikila. Babu ƙauyen da babu gidan da ke fama da wannan ciwo, kuma littafin yana buɗe maganar gwajin jini kafin aure ba tare da wa'azi ba. A 2024 The Road Does Not End na Olubunmi Familoni ya ci, a kan yaran da ake sa wa aikin ƙarfi.

Wanda na fi so a ba ɗan ƙauye shi ne The Boy Who Harnessed the Wind, musamman bugun yara na 2015. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, ɗan manomi a Malawi, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar a gida. Ya riƙa aron littafi a ƙaramin ɗakin karatu, ya haɗa injin iska da tarkacen keke da ƙarafan bola, ya kawo wuta gidansu yana ɗan shekara 14. Yaranmu masu kwance rediyo da tocila suna ganin kansu a ciki.

Buried Beneath the Baobab Tree na Adaobi Tricia Nwaubani, na 2018, a kan 'yan matan da Boko Haram ta sace ne, sai 'yan babbar sakandare. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi tsoho ne, na 1960, amma Turancinsa mai sauƙi ne kuma a Arewa labarin ya faru. Kada sunan Arewa ya ruɗe ku a kan Born on a Tuesday da Season of Crimson Blossoms: an yaba su ƙwarai, amma na manya ne.

Mai shirin JAMB kuma ya tabbatar da littafin shekararsa kafin ya saya, don ana sauyawa. An yi Sweet Sixteen, aka yi The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster. Ya karanta littafin kansa, ya rabu da 'yan takardun taƙaitawa da ake tallatawa.

Ba gara yaro ya karanta littafin addini da ya zauna kan ƙagaggen labari ba?

Allah gafarta Malam, ba kishiyoyi ba ne. Yaron da bakinsa ya faɗa da karatun Hausa shi ne zai ɗauki fassarar Ahalari ko Arba'una Hadisi ko tarihin Annabawa ya karanta wa mahaifiyarsa. A akwatinmu ma tarihin Annabawa da na Sahabbai suna cikin waɗanda ba sa kwana. Magabatanmu sun san daɗin zance yana riƙe mai koyo: Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da mata ta hannun 'Yan Taru, Aliyu Namangi kuma da waƙar Imfiraji ya shiga gidajen da littafi bai shiga ba. Roƙona ɗaya: ƙananan littattafan addini da ake shimfiɗawa a kasuwa, waɗanda babu sunan marubuci babu madogara, a kawo muku ku duba kafin a ba yaro.

Almajiran tsangayarmu ba su yi boko ba. Akwai abin da ya dace da su?

Akwai. Wanda ya iya baƙaƙen allo bai yi nisa da ajami ba, kuma a Kasuwar Kurmi ana samun waƙoƙin wa'azi da ƙananan littattafai da ajami. Gardawa da yawa kuma suna son boko, kunya ce ke hana su zama da ƙananan yara. A nemi izinin alaramma, a ba su na mataki na ɗaya ranar Alhamis da Juma'a da babu karatu. Suna saurin kamawa, don sun saba zama a kan rubutu.

Ni ban yi makaranta ba. Me zan iya yi wa jikokina?

Iya, abin da kike da shi ba ya cikin akwatina. Yaron da ya sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya riga ya san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya san a jira a ji abin da zai faru. Ki ci gaba da yi musu, har da kacici-kacici. Sannan ki sa su karanta miki kina tsince wake ko kina saƙar faifai. In sun tsaya ki ce, sai aka yi yaya? In kina zargin hadda suke yi, ki buɗe musu wani shafi daban ki ce su fara daga nan. Ki sa babbansu ya rubuta tatsuniyoyinki a littafin rubutu, mu kuma mu ɗinke mu sa a akwati. Irin waɗannan da muka yi, yara suna nemansu sosai, don sun san mai labarin.

A ina ake saye, kuma yaya zan kauce wa na jabu?

Na addini da na ajami, Kasuwar Kurmi. Na makaranta da tsofaffin na Hausa da na Turanci na gwanjo, Kasuwar Sabon Gari ta Kano. A kasuwannin mako, irin Gujungu da Ɗambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, akan samu masu shimfiɗa littattafai, amma kayansu ya fi karkata ga addu'o'i da na Islamiyya. In ka saba da mutum ɗaya, ka ba shi suna ya taho maka da shi mako mai zuwa.

Satar bugu ta yi yawa. Kafin ka biya, bi lambobin shafi daga farko har ƙarshe, don akan tsallake wasu ko a maimaita. Duba ko tawadar ta dushe, ka ɗan ja bango ka ga ko zai saki. In kuɗi ne matsala, gida biyar su yi karo-karo lokacin kaka, kowa ya sayi daban, a riƙa musanya. Wanda kuma ya shiga birni da ɗansa, ya daure ya biya da shi Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke Kano, ko don yaron ya ga yawan littattafan da ke duniya.

Gara da ruwa sun cinye mana na bara.

Bokitin fenti mai murfi, wanda aka wanke ya bushe, ya fi kowace jaka. Adakar ƙarfe ma ta yi. Kada a ajiye a ƙasa, kada a jingina da bangon ƙasa, a ɗora a kan benci ko a rataye. Da damina a riƙa buɗewa ana dubawa, in an ji sanyi a jikin takarda a shanya a inuwa. Littafi mai laima kada a ɗaure shi a leda, fumfuna zai yi.

Da damina suna gona, da rani suna talla da kiwo. Yaushe za su yi karatun?

Ba dogon zama ake nema ba. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi wuni guda a mako. Bayan sallar isha'i da fitila mai caji, ko da rana tsaka in an dawo daga gona ana jiran rana ta yi sanyi. Mai kiwo ya sa ƙarami a aljihu. Hutun damina shi ne lokacin da karatun yara ya fi zubewa, muna ganin haka duk shekara in an dawo, don haka a lokacin ne ma ya kamata littafi ya kasance a gida.

In yaro ya yaga littafin aro ko ya ɓatar, me kuke yi?

Ba ma duka, ba ma cin tara, kuma ina roƙon iyaye kada su yi dukan a madadinmu. Yaron da aka zane saboda littafi ba ya sake zuwa aro. In ya yage, shi zai zauna ya liƙe ya ɗinke a gabana. In ya ɓata, muna jira mako biyu, don yawanci yana gidan maƙwabta wani yana karantawa. In bai fito ba, na bugun kwamfuta ne sai mu sake bugawa, tunda yana nan a waya. Na saye kuwa, yaron zai kwafe mana wani gajeren labari da hannunsa, da rubutu mai kyau, ya zana hotuna, mu sa a madadinsa. Littafi ɗaya ake ɗauka a lokaci guda, a rubuta suna da unguwa, a dawo da shi ranar Alhamis.